Gidan Uba a Ƙasar Waje: Sayarwa ko Riƙewa?

Akwai tambayar da ke raba kan zuriya a ƙasarmu ta Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa: idan uba ya rasu ya bar gida a wata ƙasa, shin daidai ne magadansa na nan su sayar?

Tambayar tana da tushe. Tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja mutanen ƙasar Katsina suke sauka Salaga da Kumasi da Akara, suna aure a zango, suna gina gidaje. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su fice daga Gana. Da yawa suka karyar da kayansu a wulaƙance, waɗansu kuwa suka dawo suka bar gidajen a hannun mata ko aminai. Yau kuma rashin tsaro ya matsa mana. Ba mu manta da sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020 ba. Iyalai sun bar gonakinsu sun koma Funtuwa ko Malumfashi, waɗansu sun ci bashi don kuɗin fansa. Mai irin wannan nauyi idan ya tuna da gidan ubansa a Kumasi, kada mu yi saurin kiransa mai kwaɗayi.

Da farko a san doka. Gida da fili suna bin dokar ƙasar da suke ciki, ba al'adar garin magada ba. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana baƙo mallakar ƙasa ta dindindin, sai haya wadda ba ta wuce shekara 50 a lokaci guda ba. Dokar gado ta 1985 kuwa ta ce wanda ya mutu ba wasiyya, ya bar gida guda, gidan na matarsa ne da 'ya'yansa. Saboda haka babban ɗa da ke Faskari ba shi da ikon ɗaukar takarda shi kaɗai ya kira dillali.

Amma doka iyakarta ta nuna abin da aka yarje maka. Lamiri ne ke faɗin abin da ya kamata. Littafi Mai Tsarki ya ba mu misali biyu. Nabot ya ƙi sayar wa Sarki Ahab gonar inabin kakanninsa, har ya rasa ransa, domin a wurinsa gado ba haja ba ne. A littafin Rut kuwa an sa gonar Elimelek a ciniki, amma da sharaɗi: wanda ya fanshi gonar, shi zai ɗauki nauyin gwauruwar. Dangin da ya so ƙasar ba tare da matar ba ya janye, Bo'aza ya karɓi duka biyu. Darasin a bayyane yake. Sayarwa ba zunubi ba ce a kanta; zunubin shi ne a raba dukiya da mutanen da ke rataye da ita.

Haɗarin nisa ke nan. Na nesa farashi yake gani, na kusa ɗakin kwanansa. A cikin gidan akwai wataƙila tsohuwar da ta yi jinyar ubanku, da ƙannen da ba su taɓa ganin Sabuwa ba, da amini wanda ya shekara da shekaru yana gyaran rufi da kuɗinsa.

Wani zai ce, mu ma nan yunwa muke ji, kuma rabonmu ne. Gaskiya ne, ba wanda ya ce ku yafe haƙƙinku. Amma ku neme shi ta hanyar adalci. A ƙidaya magada duka, mata da maza, na nan da na can. A tafi da ƙafa, gama zumunta a ƙafa take, kada a bar wa wakili da wayar tarho. A biya bashin mamaci da ladan wanda ya kula da gidan. A fara yi wa mazauna ciki tayi, ko da za su biya kaɗan-kaɗan. In ba su iya ba, a duba raba kuɗin haya kafin a yi zancen sayarwa. Abin da aka shirya kuma a rubuta shi gaban shaidu da lauyan ƙasar.

Ku kuma iyaye masu dukiya a ƙetare, ku rubuta wasiyya, ku gabatar da 'ya'yanku ga juna tun kuna da rai, kada su fara haɗuwa a gaban alƙali. Kuɗin gida yakan ƙare cikin damina biyu, amma zumuncin da ya tsinke da wuya jikoki su ƙulla shi. Allah ya ba mu hikimar riƙon amana. Amin.