Ɗan Kallo Ko Ɗan Gari?

Kwanan baya wani ɗalibina na aji shida ya tambaye ni ko laifi ne ɗan siyasa ya iya burga. Tambayar ta fi yadda ya zata nauyi, domin a zamanin nan wanda ya iya riƙe idon jama'a shi ke kan gaba wajen samun ƙuri'arsu. Silbiyo Berluskoni da gidajen talabijin ɗinsa ya hau mulkin Italiya a 1994. Donal Tiramp ya shafe shekaru yana gabatar da shirin talabijin kafin Amurkawa su zaɓe shi a 2016. Mu ma mun san rijiyar burtsatsen da ake buɗewa da makaɗa da jerin gwanon motoci, bayan wata biyu ta daina kawo ruwa.

Abin ba yau ya faro ba. Bari mai karatu ya biyo ni birnin Rum na shekarar 1347. A lokacin Fafaroma ya ƙaura zuwa Abinyon, a kudancin Faransa ta yau, manyan gidajen sarauta kuwa suna ta cin karensu ba babbaka. Sai ga wani marubucin takardun shari'a, ɗan mai gidan giya da mai wankau, Kola di Riyenzo. Allah Ya hore masa baki. Yakan sa a zana masa manyan hotuna a bango, ya tara mutane yana fassara musu halin da garinsu ya shiga. A watan Mayu jama'a suka danƙa masa mulki, kuma a gaskiya ya yi aiki: hanyoyi suka samu tsaro, talaka ya kai ƙarar babba aka saurare shi.

To, amma ɗan kallo ba ya ƙoshi. Abin da ya burge shi jiya, yau ya zama tsohon yayi. Kafin watan Agusta ya ƙare Kola ya yi wanka a kwamin da ake cewa a ciki aka yi wa Sarki Kwanstantin baftisma, an kwarara giya ta hancin wani dokin tagulla don jama'a su sha, an kuma ɗora masa rawuna bi da bi. A watan Disamba ya sauka ya gudu. Da ya dawo a 1354 ya ɗora haraji kan giya da gishiri, masu tafin jiya suka cinna wa fadar wuta. Ya aske gemu, ya shafa baƙi a fuska, ya ɓad da kama don ya saje da su. Awarwaron zinaren da ya manta a hannunsa ne ya tona shi, aka kashe shi.

A arewa da Rum akwai birnin Siyena, inda tun 1287 majalisar mutum tara ke mulki. Wata biyu kacal suke yi, suna kwana a fadar gari, sannan wasu su karɓa. Kada a ɗauka su ba su san ƙwalisa ba. Sun shimfiɗa dandali mai kashi tara, sun tayar da doguwar hasumiya, sun sa Ambrojiyo Lorenzeti ya ƙawata ɗakin taronsu a 1338 zuwa 1339. Sai dai a zanen, 'yan gari 24 ne ke riƙe da igiya guda wadda ta taso daga ma'aunin adalci, azzalumin shugaba kuma mai ƙaho yana wani bangon, kewaye da kufai. A 1309 sun sa an juya dokokin gari daga Latin zuwa harshen da ake ji a kasuwa, domin wanda bai yi karatu mai zurfi ba ya karanta da kansa. Mu marubuta ya kamata wannan ya tsaya mana a rai.

A ganina a nan bambancin yake. Mulki ba ya yiwuwa sai da wani abin da ido zai gani, don haka ba zan ce wa ɗalibina burga haramun ce ba. Kola ya mai da mutanen Rum 'yan kallo, aikinsu tafi ko ihu. Zanen Siyena kuwa yana cewa igiyar a hannun ɗan gari take, in ya saki da shi za a yi kuka.

Amma fa kada in yi wa Siyena kwalliyar da ta wuce gaskiya. Mutum taran nan daga cikin attajirai da 'yan kasuwa ake ɗauko su. Masaƙi da lebura ba su da kujera. Wato wasu sun ga igiyar a bango, ba su taɓa jin ta a tafin hannu ba. A 1355, shekarar da ta biyo bayan kisan Kola, talakawa da 'ya'yan manyan gidaje suka haɗa kai suka kori majalisar daga fadar, suka ƙona takardunta.