Guzurin Muridi Mai Iyali a Kwanakin Kaka

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shayar da gonaki da damina, ya nunar da hatsi da kaka, ya sanya tausayin jinjiri a zuciyar uwa tun ba ta ga fuskarsa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Allah shi ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijani, wanda ya yi wafati a birnin Fas a shekarar 1230 ta Hijira, daidai da 1815.

Amma bayan haka, wannan 'yar takarda ce zuwa ga 'yan'uwa almajiran ɗariƙa waɗanda Allah ya ba su iyali, ga yara ƙanana, ga jinjiri a goye, ga kuma kaka ta shigo. Dalilin rubuta ta shi ne wata magana da ta yawaita a bakin muridai in an tashi daga wazifa. Wani ya ce yini yana gona wajen yankan dawa, dare kuma kukan jinjiri ya hana shi tsayuwa. Wani ya ce da ba don yaran nan ba da ya shiga halwa. Ku sani, ya 'yan'uwa, wannan magana waswasi ne, ko da ta zo cikin rigar taƙawa.

Fasali a kan cewa gida wurin suluki ne

Ka sani, ya kai muridi, abin da ake nema ga suluki shi ne karya rai da tsarkake zuciya daga son kai. Mai halwa yana yaƙar ransa da yunwa da rashin barci, amma shi ya zaɓi ranar shiga, ya kuma san ranar fita. Mai jinjiri kuwa ba a shawartarsa. Ana tashe shi tsakar dare yana gajiye, ya tashi, kuma ba mai ganinsa balle ya yabe shi. Riya ba ta samun wurin zama a irin wannan aiki, don haka ya fi kusa da ikhlasi.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 ta Hijira, ya ƙidaya wahalar iyali cikin fa'idodin aure a littafinsa Ihya'u. A can ya kawo labarin Abdullahi ɗan Mubarak, cewa wata rana yana wurin yaƙi tare da abokansa, sai ya tambaye su ko sun san wani aiki da ya fi wanda suke ciki. Suka ce ba su sani ba. Ya ce shi ya sani: mutum mai kamun kai, mai iyali, wanda ya farka da dare ya ga 'ya'yansa suna barci mayafi ya zame musu, ya rufe su da tufarsa. Dubi wannan da kyau. Ga raɓa ta fara sauka, sanyin asuba ya fara shigowa ta ƙofar ɗaki, wannan aiki yana jiranka kowane dare, ba sai ka ɗaura sirdi ba.

In ka ce yara suna raba maka hankali a wurin ibada, sai in ce maka: wa ya kai Manzon Allah halartar zuciya? Ya inganta cewa ya yi salla yana ɗauke da jikanyarsa Umamatu, 'yar Nana Zainabu, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya inganta kuma yakan shiga salla da nufin tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro, ya taƙaita saboda tausayin uwarsa. Da aka tambayi Nana A'isha abin da yake yi a cikin gida, ta ba da labarin cewa hidimar iyalinsa yake yi, in lokacin salla ya yi ya fita. Wanda ya ce yana son Annabi, yana jan Salatul Fatihi dare da rana, amma yana jin girman ɗaukar ɗansa, to, ya koma ya duba soyayyarsa.

Fasali a kan wuridi da ibadar uwargida

Kada wani ya ji wannan ya ɗauka an sauke masa wuridi. Alkawari ka ɗauka a hannun muƙaddami, kuma girbi ba ya warware alkawari. Lazimi abu ne mai sauƙi: istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma. Lokacinsa kuma yana da faɗi. Na safe daga bayan Asuba ne zuwa hantsi, mai uzuri yana da dama har magariba. Na yamma daga bayan La'asar ne zuwa Lisha, mai uzuri yana da dama har alfijir. Ka ja na safe kafin ka ɗauki lauje, tun gida bai tashi ba, domin da sanyin safiya ake kama fara. Abin da ya ragu na nafila saboda gajiya, niyyarka tana cike maka shi in Allah ya so.

Sa'an nan ka tuna matarka baiwar Allah ce kamar yadda kake bawansa, ita ma za a tambaye ta salla. Ba adalci ba ne ka zauna da'irar wazifa har dare, ita kuwa La'asar ta kuɓuce mata tana tsakanin turmi da murhu da goyo. Ka karɓi jinjirin ta yi alwala ta yi salla da natsuwa. Ka kuma sanar da ita hukuncin da ya shafe ta. A mazhabarmu ta Malikiyya mafi tsawon jinin biƙi kwana 60 ne, in ya ɗauke kafin haka, ko da ranar haihuwa ne, sai ta yi wanka ta yi salla. Jiran arba'in al'ada ce, kuma mata da yawa sun bar salloli saboda ita cikin rashin sani. Haka nan Shehu Halilu ya ambata a Mukhtasar cewa an yi rangwame ga tufar mai shayarwa da fitsarin jinjiri ya taɓa, muddin tana ƙoƙarin kiyayewa, kuma an so ta keɓe wata tufa domin salla. To, sayen wannan zane ya fi maka sabon carbi.

Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a shekarar 1232 ta Hijira, daidai da 1817, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kamar yadda yake a littafinsa Nurul Albabi. 'Yarsa Nana Asma'u ta tsaya kan wannan, ta riƙa aika jajis ƙauyuka suna koya wa mata addini. Kai ba a ce ka je ƙauye ba. Tsakar gidanka aka ce.

Fasali a kan rumbu

Ka sani fitinar kaka tana ga rumbu. Idan dammuna suka shigo gida, mutum ya ga gero da dawa da wake jibge, sai rai ya raya masa cewa ya wadata. Ga kiɗan biki ta kowace unguwa, ga dillalai suna zagaye, hatsi kuwa yana araha don kowa yana sayarwa. Sai a buɗe rumbu saboda riga, ko gudummawar fahari, ko neman ƙarin aure. In bazara ta yi, a koma kasuwa ana awo da tsada abin da aka sayar da araha. In damina ta yi tsaka, yara su kwana da ruwan koko, nonon uwa ya ragu, maigida ya riƙa daɗewa a masallaci don kada ya ji kuka. Wannan ba zuhudu ba ne, tozarta amana ne, kuma ya zo a hadisi cewa tozarta wanda kake ciyarwa zunubi ne da ya ishi mutum.

Ga tsarin da ya kamata. Ka fara da haƙƙin Allah. Nisabin hatsi wusƙi 5 ne, kowane wusƙi sa'i 60, kowane sa'i mudu 4 da mudun Annabi, jimla sa'i 300. Kada ka auna da mudun kasuwa, domin ba ɗaya suke ba. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin 10, abin da aka shayar da wahalar ban-ruwa ɗaya cikin 20. Gero da dawa da shinkafa kowanne jinsi ne mai zaman kansa, ba a haɗa su don cika nisabi, kamar yadda Ibnu Abi Zaidin ya bayyana a Risala. Bayan zakka ka biya bashin da ka ci da damina. Bayan bashi ka ware iri. Sa'an nan ka zauna da uwargida, domin ita ta san abin da tukunya ke ci, ku ƙidaya bakunan gida da watannin da suka rage kafin sabon gero. Abin da ya saura bayan wannan shi ne naka.

In an yi maka haihuwa a wannan lokaci, sunna ita ce yanka dabba ɗaya ranar bakwai, namiji ne ko mace, a aske kan jinjiri, a yi sadaka gwargwadon nauyin gashin da zinariya ko azurfa. Abin da ya wuce haka na taro da kiɗa, wanda ya ci bashi dominsa ya ɗora wa jinjiri yunwa tun bai yi haƙori ba.

Fasali a kan riƙon sababi

Tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi aikin gaɓoɓi, ɗaya ba ya kore ɗaya. Ƙarshen damina da farkon kaka lokacin sauro ne, saboda ruwan da ya kwanta a kududdufai, kuma zazzaɓinsa ya fi kayar da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ka sa su kwana cikin gidan sauro. In jikin yaro ya yi zafi, ka yi masa addu'a, ka kai shi asibiti a wannan yini, kada ka jira sai ya fara shiɗewa. Jinjiri kuwa nonon uwa ya ishe shi har wata 6, ba ya bukatar ruwa ko jiƙo. Tofi da addu'a sun wadatar, a jinkirta masa rubutun sha har ya yi ƙwari.

In hunturu ya matso, kada a kwana da kaskon garwashi a ɗaki rufe, domin iskarsa tana kashewa cikin barci ba a ji ba. A tsare mai rarrafe daga murhu da tukunyar ruwan wanka. Mai jego kuma a sassauta mata. Likitoci a Zariya sun daɗe da gano cewa yawan kunun kanwa da kwanciya bisa gadon wuta suna ɗora wa zuciyarta nauyi, har ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. In ka ga haka ka gaggauta kai ta. Ka faɗa wa iyaye mata wannan da ladabi da tausasa murya, domin ƙauna ce ta sa su.

Fasali a kan yayyen jinjiri

Idan aka yi sabuwar haihuwa, wanda aka sauke daga baya yakan yi ƙyashi, ya yawaita rigima, har ya koma fitsarin kwance. Kada ka sa masa bulala. Gurbinsa ya ga an ba wani, kuma bai da bakin faɗa. Ka ja shi jikinka, ka tafi da shi bakin gona, ka gasa masa tumu, ka ba shi ya kai wa maƙwabci nasa rabo don hannunsa ya saba da bayarwa. Ka daidaita tsakanin 'ya'yanka ko a rabon gyaɗa da takanɗa, domin Annabi ya ƙi yin shaida ga kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashiru ya yi masa shi kaɗai ban da 'yan'uwansa. Wanda ya kai shekara 7 ka umarce shi da salla. Ƙananan kuwa ka bar su su zauna kusa da buzunka, su ji hailala tana fita daga bakin da bai zage su ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya tanƙwara da ƙarfi karyawa yake yi.

Ka sani, ya ɗan'uwa, alamar wuridi ya kama zuciya ana ganinta a cikin gida kafin a gan ta a zawiya. In ka yi sallama yara suka sheƙo da gudu, ka gode wa Allah. In kuwa suka watse suka yi tsit, to, ka ƙara istigfari, ka nemi gyara tun suna ƙanana.

Ya Allah, ka sa albarka a rumbunanmu, ka raya mana zuriyarmu bisa sunna, ka ba masu jego lafiya, ka ba marasa haihuwa 'ya'ya nagari, ka jiƙan iyayenmu da malamanmu, ka sa mu cika da kalmar shahada, don alfarmar Annabin rahama. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa iyalinsa, ya kuma sa marubucinta cikin addu'a. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa.