Mai Bi Wanda Ya Komo Gida da Mata Baƙuwa

Tun zamanin kakanni Bahaushe matafiyi ne. Fatake sun bi hanyar Gwanja da jakunansu suna sayo goro a Salaga, daga baya suka zarce Kumasi a ƙasar Asante, waɗanda mutanen dā suke kira Tonawa. Waɗansu sun yi gabas har bakin Nilu, waɗansu sun gangara Kamaru, 'ya'yanmu kuwa suna kaiwa Ingila da Amurka, wani domin karatu, wani domin neman abinci. Mutum idan ya daɗe a wuri yakan yi aure a can. Sa'an nan wata rana gida ya kira shi: ko uba ya tsufa, ko gona ta rasa mai noma, ko kuwa masu ƙasa sun ce baƙi su tashi. Haka ya faru a Gana cikin Nuwamba 1969, sa'anda gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama kwana 14 su fita. Mutanen Nijeriya da na Nijar da yawa suka komo, waɗansu tare da iyalin da ba su taɓa ganin ƙasar ba. A 1983 kuma Nijeriya ta yi wa mutanen Gana irin wannan.

Ga tambayar da ke gabanmu fa. Mai bin Yesu ya komo garinsu da matar da ya aura a wata ƙasa. Uwarsa ba ta jin maganarta, 'yan'uwansa mata suna raina girkinta, dattawa kuma suna ce masa ya sallame ta, ko kuwa ya ƙara da 'yar gida. Ga uwa wadda ta shayar da shi, ga mata wadda ta bar uwarta dominsa. Me ya wajaba a kansa a gaban Allah?

Baƙunci ya juya

Ya ɗan'uwa, ka tuna da ranar da ka fara sauka a ƙasar mutane. Ba ka san farashin kome a kasuwa ba, yara suna yi wa maganarka dariya, abincinsu ya ƙi cikinka. Wace ce ta koya maka gaisuwarsu, ta jiyyace ka ran da zazzaɓi ya kayar da kai, ta tsaya maka a gaban iyayenta sa'anda suka ce, me za ki yi da baƙo? A can kai ne baƙo, ita ce 'yar gari. Ran da kuka ƙetare iyaka al'amarin ya juya: kai ka zama ɗan gari, ita ta zama baƙuwa, kai kuwa ka mai da ita haka.

Ka duba abin da ta rasa. Matar da aka auro daga ƙauyen kusa, idan an ɓata mata rai sai ta yi yaji zuwa gidansu, a bi ta da biko, dattawa su zauna su yi wa miji faɗa. Idan haihuwar fari ta zo sai ta tafi goyon ciki wurin uwarta. Matarka ba ta da gidan da za ta yi yaji, ba ta da kawun da zai tsawata maka, ba ta da uwar da za ta dafa mata ruwan wankan jego. Duk shingen da al'ada ta kafa domin tsaron mace, ita ba ta da ko ɗaya. Domin wannan kai ne ubanta, kai ne kawunta, kai ne garinsu. Mutane sukan ce baƙo raɓa ne, da hantsi ya tashi. Amma mata ba raɓa ba ce, gama zama ta zo yi har mutuwa.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna mana

A zamanin mahukunta aka yi yunwa a Baitalami, Elimelek ya ɗauki matarsa Na'omi da 'ya'yansa biyu maza zuwa ƙasar Mowab. 'Ya'yan suka auri matan Mowab, Orfa da Rut. Bayan wajen shekara 10, uban da 'ya'yan duka sun mutu, Na'omi ta tashi za ta koma gida. Ka lura, ba ta tilasta wa kowa ba. Ta faɗa musu gaskiya, cewa ba ta da abin da za ta ba su. Orfa ta koma, Littafi kuwa bai zarge ta ba. Rut ta bi da yardar ranta, ta zaɓi mutanen Na'omi da Allahn Na'omi. Suka iso a farkon girbin sha'ir, Rut ta fita kala a gonar Bo'aza. Shi kuwa ya hana barorinsa taɓa ta, ya kira ta cin abinci tare da masu girbi, har ya umarce su su riƙa zubar mata da zangarku da gangan. Daga baya ya aure ta, ta haifi Obida, kakan sarki Dawuda. Matiyu kuma ya rubuta sunanta cikin asalin Ubangijinmu Yesu. Ashe wanda ya raina mace domin ita baƙuwa ce, ya raina kakar Mai Cetonsa.

Musa kuma ya auri mace daga Kush. Littafin Ƙidaya sura 12 ya ba da labari yadda Maryamu da Haruna, 'yan'uwansa na ciki ɗaya, suka yi gunaguni a kansa saboda ita. Ubangiji ya ji, Maryamu ta kuturce, aka fitar da ita bayan zango kwana 7. Wadda ta so a ware baƙuwa, ita aka ware. Yusufu ya auri Asenat Bamasariya, Yakubu kuwa ya karɓi 'ya'yanta Ifraimu da Manassa ya lasafta su kamar nasa, suka zama kabilu cikin Isra'ila.

Wani zai ce

Wani zai ce, ai Ezra ya sa Yahudawa su rabu da baƙin mata, Sulemanu kuma baƙin mata suka ɓatar da shi. Gaskiya ne. Amma abin da ya ɓatar da Sulemanu gumakan matan ne, abin da Ezra ya ji tsoro kuma shi ne kada sauran jama'a kaɗan waɗanda suka komo daga Babila su sake faɗawa cikin bautar gumaka. Rut ma daga Mowab take, aka karɓe ta domin ta juyo ga Allah mai rai. A cikin Sabon Alkawari kuwa manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa, cikin wasiƙarsa ta fari sura 7, cewa ko matar da ba ta ba da gaskiya ba, muddin ta yarda ta zauna, mijinta mai bi ba shi da iko ya sake ta. To, balle wadda aka yi mata baftisma da suna ɗaya da kai?

Wani kuma zai ce, an umarce mu mu girmama uba da uwa. Hakika, wannan doka ba ta faɗi ba. Ka ciyar da su, ka gaishe su safe da maraice, ka yi musu magana da ladabi ko suna zaginka. Amma tun cikin Littafin Farawa Allah ya mai da miji da mata jiki ɗaya, Ubangiji Yesu kuma ya hana mutum raba abin da Allah ya gama. Uwarka tana da iko a kan hatsinka da ƙarfinka. Ba ta da iko ta sa ka karya alkawarin da ka yi a gaban Allah. Idan an ce ka ƙara da 'yar gida, ka amsa da tawali'u cewa mai bin Yesu mata ɗaya gare shi, ka tsaya a nan.

Kafin ku tashi

Ka faɗa mata gaskiya tun kuna ƙasarsu. Da yawa sukan yi fariya a baƙon wuri, mai bukka ya ce soro gare shi. Ka gaya mata yadda gidanku yake, nisan rijiya, zafin bazara, ƙurar hunturu. Idan 'yar Kumasi ce, ta saba da sakwara da dokunu, da ruwan sama yawancin shekara. Ta sani tuwon dawa da miyar kuka za ta tarar, da rani mai tsawo. Idan an yi maka baiko a gida, ko akwai wadda ka bari, ɓoye wannan yaudara ce.

Ku yi maganar 'ya'ya kuma. A wurin Asante yaro na dangin uwarsa ne, a wurinmu kuwa na gidan ubansa ne. Idan ba ku daidaita wannan tun kuna da rai ba, danginku za su yi jayayya a kan marayunku. Bayan ta ji duka, ka bar ta ta zaɓa kamar yadda Na'omi ta yi. Idan ta ce ba ta iya tukuna, ka yi haƙuri ku yi addu'a tare, gama alkawarinka gare ta ya fi marmarinka na gida nauyi.

Kada ka yi sakaci da takardunta. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 26, ya ba baƙuwar da ta auri ɗan ƙasa hanya ta nemi zama 'yar ƙasa ta wurin rajista. Mijin da ya ƙi bin wannan domin ya riƙe matarsa cikin tsoro, azzalumi ne. Sashen nan bai ba baƙon da ya auri 'yar Nijeriya irin wannan hanya ba. Domin haka 'yar'uwa wadda ta komo da miji baƙo ta san kayansa ya fi nauyi, ta tsare masa girmansa a gaban danginta.

Bayan kun iso

Ka zama harshenta har ta sami nata. Ka koya mata gaisuwa, da durƙuso, da sunayen da ba a faɗa saboda kunya, domin kada a ce ba ta da tarbiyya alhali ba wanda ya gaya mata. Idan ta yi kuskure ana dariya, kada muryarka ta shiga ciki. Kada ka kwana hira a dandali da abokan ƙuruciya, ita tana ɗaki ba mai ce mata sannu. Ka bar ta ta yi wa 'ya'yanta magana da harshen uwarta, ta yi addu'a da shi kuma, gama Allah yana jinsa. Zumunta a ƙafa take: ka tanada kuɗin mota domin ta gano iyayenta, kada sai labarin mutuwa ya zo.

Ke kuma 'yar'uwa baƙuwa, ki dubi Rut. Ba ta zauna tana ƙirga abin da ta bari a Mowab ba. Ta fita aiki, ta ciyar da surukarta, har matan Baitalami suka shaida ta fi wa Na'omi 'ya'ya maza 7. Ki koyi harshen mutanen mijinki, kada kuwa kullum ki riƙa cewa a ƙasarmu ba haka ake yi ba.

Ku jama'ar ikilisiya, wannan kaya naku ne kuma. Wata dattijuwa ta ɗauke ta 'ya, ta tsaya mata ran haihuwa. Dattawan ikilisiya su zama kawunanta, su kira mijin su tsauta masa idan ya cuce ta. Ku tuna mu duka baƙi ne ga alkawaran Allah a dā, jinin Almasihu ne ya kawo mu kusa, shi wanda aka gudu da shi Masar yana jariri. Maƙwabta waɗanda ba su karanta Littafi ba za su karanta gidan nan, su gani ko bishararmu gaskiya ce.

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, mai tsaron baƙo da gwauruwa da maraya, ka dubi dukan waɗanda suka bar ƙasarsu saboda aure. Ka ba mazansu aminci, ka ba surukansu taushin zuciya, ka mai da ikilisiyarka gida gare su, har ran da za ka tattara mu daga kowace kabila da kowane harshe a ƙasarmu ta gaskiya. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.