"Wane ya samu", amma ta ina?

A 1938 masanin zamantakewa Ba'amurke, Robert Merton, ya ce in al'umma ta cusa wa kowa burin dukiya, sannan ta rufe wa wasu ƙofar halal, to cikinsu akwai masu haura katanga.

Ni da nake karatun harshe, sai na kasa kunne ga bakinmu. Mukan ce "wane ya samu", ba ma tambayar ta ina. Shi kuwa mai lisans da ke wuni a fada yana dafa shayi, "cima-zaune" muke kiransa.

Ban wanke ɓarawo ba fa. Maƙwabcinsa ma ya kwana da yunwa, bai taɓa kayan kowa ba. Amma ran da aka kama shi, mu tambayi kanmu: wa ya fara yi masa gori?