Shawarar Jarirai da Gadon Jini: Shin Laifin Uwa Ne?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ke 'yar uwa, wani al'amari ne da ya faru a nan Bomo ya sa na ɗauki alƙalami.

Wata ɗalibata ta ajin matan aure ta haifi ɗa namiji. Kwana huɗu da haihuwa sai idonsa ya yi rawaya, ya ƙi kama nono. Aka ce a riƙa fitar da shi hantsi, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Allah Ya taimaka aka kai shi asibitin koyarwa na Shika, aka sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, ya samu sauƙi. Amma da likita ya ce abin gado ne ta wajen uwa, sai dangin miji suka ce wai ta shigo masu da mugun jini. Subhanallah!

Bari in yi maki bayani. Allah Ya halicci kowannenmu da ƙwayoyin gado 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. Biyu daga ciki su ke bambanta jinsi: mace tana da X biyu, namiji kuwa X ɗaya da Y ɗaya. Ɗa namiji daga uwa yake karɓar X, daga uba yake karɓar Y. To, a kan X ɗin nan ne aka ɗora aikin samar da wani sinadari mai suna G6PD, wanda ke kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa. Idan X ɗaya na mace ya yi rauni, galibi ɗayan yakan rufa masa asiri. Namiji ba shi da na biyu, shi ya sa abin ya fi bayyana ga maza. Kuma magidanci mai wannan rauni duk 'ya'yansa mata zai gadar wa. Kin ga kenan ba wani gida da zai bugi ƙirji ya ce jininsa ya kuɓuta.

Za ki ce, in rauni ne, me ya sa bai ƙare ba, har kimanin mutum miliyan 400 ke ɗauke da shi a duniya? A shekarar 1969, a Ibadan, Lucio Luzzatto da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ba ta cika kama jajayen ƙwayoyin jini masu wannan rauni ba. A ƙasa mai sauro irin tamu, masu ɗauke da shi sukan fi tsira daga zazzaɓi mai tsanani, su girma, su hayayyafa, gadon ya ci gaba. Haka lamarin masu jinin AS yake. Abin da muke kira aibi, ashe garkuwa ne ga kakanninmu. Wannan bai isa mu yi tunani a kan hikimar Ubangiji ba?

A Suratus Shura, aya ta 49 da 50, Allah Ya sanar da mu cewa ba da 'ya'ya, mata ko maza, nufinSa ne Shi kaɗai. Babu uwar da ta zaɓi abin da za ta gadar wa ɗanta. Gorin mace a kan wannan zalunci ne, kuma jayayya ce da ƙaddara.

Sai dai yarda da ƙaddara ba ya hana riƙo da sababi. Don Allah 'yar uwa, ki fitar da kafur daga akwatin kayan jariri, domin yana fasa jinin yaro mai wannan rauni. Kada a shafa wa jariri lalle, kada a ba shi magani ba da umarnin likita ba. A makon farko ki riƙa duba idonsa da dasashinsa a hasken rana. Da kin ga rawaya, sai asibiti, kada a ce a jira a yi suna. Jinkiri na iya jawo kurumta, ko taɓuwar ƙwaƙwalwa, ko rasa rai. Ki kuma roƙi a yi masa gwajin G6PD.

'Ya'ya amana ne, za a kuma tambaye mu. Allah Ya raya mana zuriya, Ya tsare harsunanmu daga cutar da juna, amin.