Indararo Ba Ya Jiran A Gama Sallah

Washegarin ranar da aka yi ruwan farko mai iska a Kano, ko Zariya, ko Maraɗi, ba a samun kafinta a zaune. Wanda wata biyu da suka wuce yake gyangyaɗi a ƙofar shagonsa, yau mutum uku ne tsaye a kansa, kowa na cewa a fara da nasa. Magini ma haka. Kuɗin aiki ya tashi, mai kwano ya ƙara, mai ƙusa ya ƙara, kuma babu mai ikon yin ciniki, domin wanda katifarsa take shanye a tsakar gida ba ya jayayya da farashi. Abin lura shi ne yawancin waɗannan magidanta sun san da ɓarakar tun bara. Tabon ruwa yana nan a jikin silin tun watan Satumba, kullum suna kwance suna kallonsa. Kuɗi ma sun ratsa hannunsu a tsakanin. Tafiya ce ta cinye su, da biki, da hidimar Sallah.

Ban ga laifin mutum ya so tafiya ba. Abin da yake ba ni mamaki shi ne yadda kullum tafiya ke kayar da gyaran gida idan suka haɗu a aljihu ɗaya, alhali kowa ya san wanne ya fi zama dole. Da na duba, sai na ga tafiya tana da abubuwa biyu da rufin ɗaki ba shi da su. Tana da rana: an sa ɗaurin aure ran kaza, jirgi zai tashi ran kaza, makaranta za ta ba da hutu ran kaza. Tana kuma da 'yan kallo. Za a ga ka je, za a ga hoto, idan ba ka je ba za a tambaya. Shi kuwa indararon da ya tsage babu wanda ya sa masa rana, kuma duk wanda ya sauya shi babu mai zuwa yi masa barka. Saboda haka sai a ce "bayan Sallah", bayan Sallah kuma a ce "in an yi albashi", har hadari ya haɗo daga gabas.

A 'yan shekarun nan lissafin ya ƙara cakuɗewa, saboda yadda watannin Musulunci suke matsowa baya da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara. A 2025 an yi Ƙaramar Sallah a Najeriya ranar 30 ga Maris, Babbar Sallah kuma ranar 6 ga Yuni. Ka dubi wannan tsakanin da kyau. Shi ne daidai lokacin da ya kamata a ce magini yana kan katanga, kafin damina ta kankama. Amma gab da shi da kuma cikinsa aka yi cefanen azumi, aka ɗinka kayan yara, aka yi kuɗin motar zuwa gida, sannan aka shiga neman rago. Mai ɗan hali kuma ya tafi Umara a goman ƙarshe. Da aka farga, ruwa ya sauka. Daga nan sai dogon hutun makaranta, wanda yake faɗowa a Agusta, watan da ruwa ya fi yawa a ƙasar Hausa. Nan ne ake kulle gida a kwashi iyali a tafi mako biyu ko uku, a bar ɗigon da da ana nan sai a tara masa roba, ya yi ta zuba a kan kafet babu mai gani.

Mutane ba sa ɗaukar ruwan rufi da girman da yake da shi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Gida mai rufin murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 30 a dare ɗaya, wanda ba wani abin mamaki ba ne a Agusta, ya karɓi lita 3,000. Duro goma sha biyar ke nan na mai cin lita 200. Wannan ruwan dole ya bi wani wuri. Idan indararo lafiya yake, ya watsa shi nesa da bango, kwata ta ɗauke shi. Idan ya karye ko leda ta toshe kwata, sai ya gangaro jikin katanga ya taru a gindinta. Katanga kuwa, ta ƙasa ce ko ta bulo, daga gindi take mutuwa. Shi ya sa kowace damina ake jin labarin gini ya faɗa wa mutane cikin dare, kuma sau da yawa idan ka bibiya, wurin da ruwa ya shiga an daɗe da saninsa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Iyayenmu da suka zauna a gidajen ƙasa sun fi mu sanin wannan, domin su gidan ba ya ba su damar mantawa. Rufin soro azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika yi wa illa ba, a shimfiɗa zana ko asabari a kai, a zuba ƙasa a daɓe. Irin wannan rufin yana da sanyi a bazara, yana da ɗumi a hunturu, amma sharaɗinsa ɗaya ne: a hau a duba shi kowace shekara. A cike inda ya tsage, a gyara bakin indararo, a yi wa katanga yaɓe. Masu hali su sa makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake yi da katsin marina da gashin jima da dafara, domin ruwa ya zame. Babu wanda yake ɗaukar wannan a matsayin wani babban aiki da sai an yi shawara. Yana cikin ayyukan rani, tare da gyaran rumbu da kai taki gona.

Inda aka riƙe wannan ɗabi'a, ginin ƙasa ya yi ɗaruruwan shekaru. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka yi ta, kuma itatuwan nan da suka fito a jikinta su ne matakan da magina ke takawa idan za su sabunta yaɓe. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. A Jenne ta ƙasar Mali, yaɓen babban masallaci biki ne na shekara-shekara, gari guda ake fitowa, maza na ɗaukar laka, mata na kawo ruwa. A Yama, cikin jihar Tawa, masallacin da magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986. Abin da ya tsayar da waɗannan gine-gine bai wuce cewa mutanensu sun sa wa gyara lokaci ba, har na Jenne suka ƙara masa 'yan kallo da ganga. Wato sun ba yaɓe abin nan biyu da tafiya take taƙama da su.

Mu da muka koma bulo da kwano sai muka ɗauka mun huta. Kwano yana tsatsa ta bakin ƙusa. Katakon da ke ƙarƙashinsa yana ruɓewa idan ya sha ɗigo, gara ta ƙarasa shi, sai iskar farkon damina ta zo ta yaye rufin gaba ɗaya ta ajiye shi a gidan maƙwabci. Wasu kuma suka shafe katangar ƙasa da siminti don ta yi kyau, ba su san siminti da ƙasa ba sa riƙe juna ba: danshi ya shiga tsakani ya rasa hanyar fita, wata rana fulastar ta ɓanɓaro ta faɗo da rabin bangon. Bambancin gidan bulo da na ƙasa kawai shi ne na bulo yana iya yin shiru shekara biyar, sannan ya kawo lissafinsa a dunƙule.

Lissafin kuma ba na da ba ne. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya bi ta, kayan gini ma suka bi ta. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wasu garuruwa. Ma'anar wannan ga mai albashi ko ɗan kasuwa mai ƙaramin jari ita ce abin da a da yake isa a yi tafiya a kuma yi gyara, yanzu ɗaya kawai zai yi. Kuma jinkirta gyara a lokacin da farashi ke hawa asara ce ninki biyu, ɓarnar tana faɗaɗa, kayan suna ƙara tsada.

Turawan Ingila, waɗanda doka ta ba ma'aikacinsu hutun kwana 28 da albashi, kuma da yawansu suke tara kuɗi duk shekara don zuwa bakin teku a Sifen ko Girka, sai da annobar korona ta zaunar da su a Maris na 2020 sannan suka juyo kan gidajensu. Aka riƙa ganin layi a ƙofar shagunan kayan gyaran gida irin su B&Q, ana sayen fenti da katako da irin shuka. Ashe ko a can sai da aka tsayar da tafiye-tafiye kuɗin hutu ya samu hanyar zuwa gida.

Sai dai a yi hattara, ba duk abin da ake kira gyaran gida ne gyara ba. Akwai wanda zai fasa tafiya, a yaba masa, sannan ya ɗauki kuɗin ya sa tayil a falo da silin na zamani mai fitilu kala-kala, alhali kwanon da ke sama yana yoyo. Wannan bai bar neman 'yan kallo ba, wuri kawai ya sauya. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai sare bishiyar tsakar gida don ganye yana ɓata masa wuri, ya malale ko'ina da siminti. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke wuce digiri 40, daɓen nan zai sha rana yini guda ya kwana yana mayar da ita cikin ɗakuna, a dawo ana sayen man janareta don kunna fanka. Da damina kuma ruwan da ƙasa za ta shanye ya rasa mashiga, ya kwarara zuwa titi ko gidan wani. A ganina tsarin a bayyane yake. A fara da duk inda ruwa ke bi: rufi, indararo, gindin katanga, kwata, sokawe. Idan an gama, a waiwayi inuwa. Ado ya zo a ƙarshe, in an samu rara.

Ita inuwar ba ta cin kuɗi sosai, lokaci take ci, shi ya sa jinkirta ta ya fi ciwo. Zogale wata kaɗan yake yi a fara tsinkar ganyensa. Gwanda takan yi 'ya'ya cikin shekara guda. Mangwaro mai aure yana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu, darbejiya kuwa a dasa ta nesa da bango saboda saiwarta. Duk a farkon damina ake dasa su, sama ta yi ban-ruwa, idan rani ya shigo ruwan alwala da na wanke shinkafa ya ishe su. Abin da za a kashe wa kuɗi shi ne ɗan shingen da zai hana akuya. Gefen da ya rage a watsa rama da yakuwa da alayyafo, uwargida ta huta da aiken yaro kasuwa don ganyen naira ɗari biyu.

Maganar uwargida ta taso, to ita ya kamata a fara tambaya kafin a kira magini. Ita ce take jera robobi idan ana ruwa, ita ta san ɗakin da yake warin danshi, da lungun da ruwa ke kwanciya a bayan madafa. Magidanta da yawa ba su san gidansu da rana ba. Idan an zaga tare an rubuta abin da ya lalace, sai a kira mai aiki a watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da yake da sarari kuma zai saurari ciniki. Kayan da ba sa lalacewa, irin su bandir ɗin kwano da ƙusa da bulo, ana iya sayensu kaɗan-kaɗan a jingine, musamman ranar da aka kwashi adashi, kafin kuɗin su narke. Siminti ne ba a ajiyewa, domin idan ya sha danshi ya daskare, sai a saye shi ana gobe aiki. Ɗan haya ya zauna da mai gida a rubuta abin da za a cire daga kuɗin haya tun kafin a taɓa komai. Gidan gado, wanda kowa ke da ɗaki amma babu mai katanga, shi ya fi buƙatar wani babba ya tara 'yan'uwa a yanka wa kowa nasa kason.

Kada wani ya ce na hana zumunci. Gaida iyaye, ta'aziyya, duba mara lafiya, da sauke faralin Hajji ga wanda Allah ya hore wa, ba sa cikin wannan lissafi. Ina magana ne a kan tafiyar da idan an ɗaga ta zuwa baɗi babu haƙƙin wanda aka danne: zuwa bikin da aika gudummawa ya wadatar, kwasar mutum takwas zuwa inda biyu za su wakilta, fita waje don kawai abokai sun fita. Ita wannan tana jira. Maigida, kafin ka biya kuɗin motar hutun bana, ka ari tsani ka hau ka duba rufinka, ka sa wa kafinta rana kamar yadda ka sa wa tela.