Mace Ma'aikaciya da Lissafin Kuɗinta: Rowa Ce Ko Amana?

Sanin kowa ne a ƙasar Hausa mace tana da dukiyarta daban da ta mijinta. Musulunci ya tabbatar mata da sadakinta da gadonta da abin da ta samu da guminta, ya kuma ɗora ciyarwa a wuyan miji. Tun zamanin kakanninmu mata na saƙa da kaɗi da dakau, suna kiwon awaki, suna zuba adashi. A yau ga malamai, ga ma'aikatan jinya, ga akawuna, duk mata. To amma tambayar da ya kamata mu ɗalibai mu yi ita ce: mallakar da ba a san lissafinta ba, mallaka ce?

Abin da ya kawo wannan tambaya shi ne kunya. Macen da ta rubuta rancen da ta ba mijinta ko wanta, nan da nan sai a ce ta cika son abin duniya. Saboda gudun wannan suna, sai ta yi shiru, albashi ya shigo ya fita ba ta san inda ya bi ba. Masu goyon bayan shirun suna cewa lissafi yana kashe ƙauna, gida kuwa ba kasuwa ba ne. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin gidan da ake ƙirga cokalin gishiri ba ya daɗin zama.

Sai dai a ganina sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Rowa hana alheri ce, lissafi kuwa sanin abin da ke hannu ne. Kyauta ba ta cika kyauta ba sai mai bayarwa ta san abin da ta bayar, kuma tana da ikon hanawa. Wadda aka karɓe wa kuɗi don kunya ta hana ta magana, ba alheri ta yi ba, ƙwace aka yi mata cikin ruwan sanyi. Mu tuna ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Nana Khadija ma attajira ce mai tura fatake Sham, ba a kuwa taɓa zarginta da rowa ba.

Rashin sani ya fi dare duhu, ga kuwa misalai. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. Wato naira 100,000 da aka ɓoye a asusu, bayan shekara ɗaya ba za ta sayi fiye da kayan naira 77,000 na da ba. Haka a adashin wata goma sha biyu: mai ɗaukar fari ta sami rance kyauta, mai ɗaukar ƙarshe ta karɓi kuɗin da ya rame. Dokar fansho ta 2014 ta ce a yanki kashi 8 daga albashin ma'aikaci, ma'aikatarsa ta ƙara kashi 10. Wadda ba ta duba asusunta, yaya za ta san ko an zuba? Da MMM ta rufe asusun jama'a a Disambar 2016, an sake ganin cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma tambaya ɗaya, daga ina ribar take fitowa, da ta tsirar da mutane da yawa.

Saboda haka sanin lissafi amana ce. Dukiyar mace ita ce garkuwarta ranar saki ko takaba, ranar da marayu za su zuba mata ido. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. 'Yan'uwana mata, ku riƙe littafi, ku rubuta shiga da fita, ku yi tambaya ba tare da jin nauyi ba. Maza kuma, wanda ya ci bashin matarsa ya kira shi bashi, ya biya. Allah ya sa mu dace, amin.